Shin Tsofaffin 'Yan Wasa Na Buƙatar Atisaye Kafin Kaka A Gem Ɗin Baseball?

Masu buga Out of the Park Baseball, gem ɗin kwamfuta da Bajamushe Markus Heinsohn ya fara fitarwa a 1999, sun daɗe suna wannan gardamar. A gem ɗin mutum ba ya riƙe sanda da kansa. Manaja ne: shi ke sayen 'yan wasa, ya tsara wanda zai fita fili, kwamfuta kuma ta lissafa sakamako. A gasar intanet, kowane manaja yana tura tsarinsa ga shugaban gasar, shi kuma ya kunna wasannin kwanaki a lokaci guda.

Kafin kaka akwai wasannin share fage, kamar yadda ƙungiyoyi 30 na MLB ke yi a Florida da Arizona daga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris. Nan ne manajoji ke fargaba. Ɗan wasa mai shekara 34 da ke cin albashi mafi tsoka, in ya ji rauni a wasan da ba shi da maki, ba a mayar da hannun agogo, domin sakamakon ya riga ya isa ga kowa. Shi ya sa wasu ke ajiye gwanayensu a benci har ranar buɗe kaka.

Sai dai gem ɗin yana da wani abu da ya kira tsatsa. Kowane ɗan wasa yana dawowa daga hutu da ita, kuma tana raguwa ne duk lokacin da ya tsaya duka ko ya yi jifa a share fage. Manhaja ba ta san girma ba, adadin fitowa take ƙirgawa. Gwanin da ya sha hutu zai shiga kaka da nauyin jiki, ya ƙarasa kankare tsatsarsa a wasannin da ake lissafawa cikin 162. Ko a zahiri, da aka gajarta share fage a 2022 saboda rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, sai da MLB ta ƙara yawan 'yan wasan kowace ƙungiya zuwa 28 a farkon kaka don rage wa masu jifa nauyi.

Ajiye su gaba ɗaya kuskure ne. Tsoho ya riƙa fitowa a kai a kai, a cire shi da wuri, a bar wa matasa sauran wasan. In kuwa ana so ya koma sabon gurbi a fili, dole a ƙara masa lokaci, domin a share fage ne gem ɗin ke koyar da gurbi da sauri.