Jigilar kaya ta jirgin ƙasa a ƙasar Haɗejiya

Jigilar kaya ta jirgin ƙasa a ƙasar Haɗejiya ta dogara ne a kan layi guda, wato reshen dogo da ya tashi daga Kano ya ƙare a Nguru ta jihar Yobe. Tsawonsa kimanin kilomita 230 ne, an kuma kammala shi a shekarar 1930. Layin bai shiga birnin Haɗejiya ba. Tashar da masarautar ta dogara da ita tana Malam Madori, kimanin kilomita 20 daga birnin, sai kuma tashar Birniwa da ke gaba kafin a kai Nguru. An shimfiɗa layin ne domin kwasar gyaɗa zuwa bakin teku, kuma tun da fitar da gyaɗa ya tsaya a shekarun 1970 bai sake samun kayan da za su maye gurbinta ba. Wannan ne babban dalilin da ya sa taragan kaya na ƙaramin layi suka tashi daga abin sufuri suka koma ƙarfen gwanjo.

Suna

Akasarin kalmomin wannan sana'a aro ne daga Turanci. Tarago, wanda jam'insa taragai ko taragu, da tasha da reluwe duk ta bakin ma'aikatan jirgi da 'yan dako suka shigo Hausa. Dogo kuwa Hausa ce zalla, siffar ƙarfen ce ta zama sunansa. A tsofaffin takardun mulkin mallaka ana rubuta sunan tashar Mallam Maduri, kuma har yanzu ana cin karo da wannan rubutu a wasu taswirori.

Tarihi

Dogo ya iso Kano a 1911, shekara biyar bayan Turawa sun ci Haɗejiya da yaƙi a 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasa ransa. Turawa sun sa ran auduga za su riƙa ɗauka daga Kano, sai manoma suka juya ga gyaɗa, domin ta fi kuɗi, kuma idan kasuwa ta faɗi ana iya cinta. A 1913 gyaɗar da Najeriya ta fitar ta haura tan 19,000. Daga nan nomanta ya yi ta bazuwa gabas da arewa, har ya kai wuraren da jaki da raƙumi ke kwana da yawa kafin su kai buhu Kano. Tsadar wannan dako ce ta sa aka yi rassa biyu a ƙarshen shekarun 1920: na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta Gusau, wanda aka gama a 1929, da na Kano zuwa Nguru. Layin ya iso ƙasar Haɗejiya a zamanin Sarki Usman, wanda ya yi sarauta daga 1925 zuwa 1950.

Faɗin layin milimita 1,067 ne, kamar sauran tsohon dogon Najeriya. Daga Kano yana bi ta Jogana da Zakirai da Ringim da Taura da Gagarawa, sannan Malam Madori da Birniwa. Duk wannan tafiya yana yinta ne ta arewacin kogin Haɗejiya, a kan jigawa, wato ƙasa mai rairayi da ruwa ba ya kwanciya a kanta. Nan ne gyaɗa ta fi yi. Fadamar kogin, inda ake noman shinkafa da kamun kifi da kiwon rani, ta zauna a gefe guda, kuma duk abin da za ta aika sai an fara kai shi tasha ta ƙasa. Sakamakon haka Malam Madori ta tashi daga ƙauye ta zama garin kantuna da sikeli, 'yan kasuwa daga Kano da kudancin ƙasar da Kwarori suka zauna a cikinta, alhali fada da mulki suna Haɗejiya.

Yadda aikin yake

Aikin layin na lokaci ne. Da an yi kaka, daga wajen Nuwamba, ake buɗe cinikin gyaɗa. Manomi ya kawo ɓararriyar gyaɗarsa, 'yan baranda su saya, a auna a sikeli, a ɗura a buhu a ɗinke, sannan a jibge a filin tasha. Manyan kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, da attajiran gida irin su Alhassan Ɗantata, su ne ke riƙe da wannan ciniki. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ta gwamnati ce ke yanka farashi, 'yan kasuwa kuma suka zama wakilanta masu lasisi. A 1954 aka mayar da aikin hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa.

Matsalar da ta dabaibaye layin tun farko ita ce kaya na zuwa a wata uku ko huɗu, jirgi kuwa yana buƙatar shekara kafin ya kwashe su. Layi ɗaya ne, jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha, kuma daga Kano zuwa Legas kaɗai sama da kilomita 1,100 ne. Tarago da ya tafi da gyaɗa sai ya yi kwanaki kafin ya dawo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya tsananta, saboda kawunan jirgi sun tsufa, taragai sun yi ƙaranci, har gyaɗar bara ta riƙa tarar da ta bana a fili. Dalar gyaɗa, wadda yau ake tunawa da ita a matsayin alamar arziki, asalinta hanyar ajiya ce ta kayan da jirgi ya kasa ɗauka. Dala guda tana iya cin buhu 15,000, a lulluɓe ta da tamfol saboda ruwan sama. Malam Madori tana cikin garuruwan da aka yi dala a cikinsu.

Ban da gyaɗa, layin ya ɗauki fatu da ƙiraga, da auduga, da ƙaro, da kanwa daga ƙasar Manga, da shanu, da busasshen nama wanda Nguru ta yi suna a kansa. A dawowa jirgi kan kawo gishiri da goro da kananzir da yadi da siminti da kwanon rufi. Kowane kaya da irin taragonsa. Gyaɗa da fatu rufaffen tarago suke so, mai ƙofa a gefe. Gawayin kwal da tsakuwa a buɗaɗɗe ake zuba su. Na shanu yana da tagogi domin iska, mai kuma tanki ne. Mafi yawan waɗanda suka yi aiki a wannan reshe rufaffu ne, tunda buhu shi ne ma'aunin cinikin.

Jiragen farko na tururi ne, suna cin kwal daga Inugu, suna kuma shan ruwa mai yawa, abin da ke da wuya a wannan yanki da rani. A 1955 aka fara shigo da kawuna masu amfani da dizal, a shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NRC. Reshen Nguru yana ƙarƙashin shiyyar Arewa ta hukumar, mai hedikwata a Zariya.

Koma-baya

A 1964 hukumar ta ɗauki kaya kimanin tan miliyan 2.96 a faɗin ƙasar. Zuwa 1974 adadin ya sauka zuwa kimanin tan miliyan 1.1. A tsakanin nan an yi yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, wanda ya rufe layin gabas da tashar ruwan Fatakwal. Amma abin da ya fi taɓa reshen Nguru daga gona ya fito: farin 1972 zuwa 1974, sai cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 da ta lalata amfanin shekarar. Manoma da yawa suka koma gero da dawa da wake. Ɗan abin da aka noma kamfanonin matsar mai na cikin gida suka shanye, Najeriya kuma, wadda a shekarun 1960 ta fi kowace ƙasa fitar da gyaɗa, ta daina fitarwa. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya.

Ƙasar Haɗejiya ba ta daina samar da kaya ba. Kayan ne suka canza. Bayan gina madatsar ruwan Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, da aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a wajen Auyo, nauyin noman kasuwa ya koma fadama: shinkafa, alkama, tattasai, attaruhu, tumatir, albasa da kankana. Ga kuma kifi, ɗanye da banda, wanda kasuwar Haɗejiya ta shahara da shi. Waɗannan kaya ne masu son sauri, ana lodinsu kaɗan-kaɗan daga ƙauyuka masu yawa, kuma mota tana zuwa har bakin gona. Mai tattasai ba zai kai kayansa Malam Madori ya jira jirgin da ba a san ranar zuwansa ba. Riɗi da zoɓorodo, waɗanda Jigawa ke fitarwa waje a buhu, su ne suka fi kama da gyaɗar da, kuma da layin na aiki yadda ya kamata da sun dace da shi. Su ma tirela ce ke kai su Legas.

An yi ta ƙoƙarin farfaɗo da hukumar. Kamfanin RITES na Indiya ya riƙe ragamarta daga 1979 zuwa 1982. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara, sannan a Disambar 2012 aka sake buɗe layin Legas zuwa Kano. Reshen Nguru ya riƙa samun jirgin fasinja jefi-jefi, amma lodin kaya irin na da bai dawo ba.

Tsofaffin taragai

Tarago da aka ajiye a layin gefe ba ya jimawa bai lalace ba. Katakon daɓensa shi ke fara tafiya, gara ta ci ko a cire a yi makamashi. Ruwa ya kwanta a ƙasan ƙarfen ya yi tsatsa, ƙafafun su maƙale, sannan a zo a kwance duk abin da ake iya ɗauka da hannu. Akwai kuma matsalar birki. Tsofaffin taragan Najeriya suna da birki mai aiki da zuƙe iska daga bututu, sababbin jirage kuwa da matsa iska suke aiki, maƙalarsu ma ta bambanta. Saboda haka ko tarago yana da sauran ƙwari, haɗa shi da sabon jirgi sai an kashe masa kuɗi.

Bisa ƙa'ida, taragon da ya lalace ana kai shi ma'aikatar gyara, irin ta Ebute Metta a Legas ko ta Zariya. Idan aka tabbatar ba ya gyaruwa, sai a cire shi daga rajista a yi gwanjonsa. Wanda ya saya yakan zo da masu yankan ƙarfe da gas, a daddatsa shi a inda yake, a loda a tirela, a sayar bisa nauyi ga masana'antun da ke narka ƙarfe su yi rodi, waɗanda da yawansu suna Ikorodu da Ogijo. Dokar Najeriya ta hana fitar da tarkacen ƙarfe waje, don haka kasuwarsa ta cikin gida ce.

Wannan ciniki ya buɗe ƙofar sata. Ƙarfen dogo da na tarago yana da nauyi da tsada, tasoshin da jirgi ya daina zuwa kuma ba su da tsaro sosai, ga shi mai kallo daga nesa ba zai bambance wanda ya saya a gwanjo da ɓarawo ba. A 2021 'yan sanda a jihar Nasarawa sun kama mutane da dama da tireloli cike da ƙarafan dogo. A Nuwambar 2023 an tare wasu taragai da ake fitarwa daga Maiduguri a kan manyan motoci bisa zargin sata, hukumar kuma ta ce ita ce ta ba da umarnin kai su Jos domin gyara. Asarar ƙarfen dogo ta fi ta tarago muni, domin tarago ana iya kawo wani, amma idan aka cire 'yan ƙarafa a wuri ɗaya, duk abin da ke gaban wurin ya yanke. A reshe mai baki ɗaya irin na Nguru, hakan na nufin Malam Madori da Birniwa da Nguru gaba ɗaya.

Ba a Najeriya kaɗai ake yanka taragai ba. A yankin Kwanwal na kudu maso yammacin Ingila, inda ake haƙar farin yumɓu irin wanda ake samu a Ƙanƙara ta jihar Katsina, an ƙera taragai na musamman samfurin CDA a 1987 da 1988 domin kai yumɓun tashar ruwa. A 2023 aka sallame su, aka yanka mafi yawansu, masu sha'awar tarihi suka sayi kaɗan suka adana. Bambancin shi ne a can yumɓun ya ci gaba da bin jirgi a cikin wasu taragan. A Najeriya wurin da aka fi sani da adana kayan tarihin reluwe shi ne gidan Jaekel da ke Ebute Metta, nesa da ƙasar da ta noma gyaɗar.

Halin da ake ciki

Hanyar mota ce kaɗai fadamar ta dogara da ita a yanzu, kuma damina tana nuna raunin hakan. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a tsakanin Haɗejiya da Nguru, ruwa yana malala inda ba ya zuwa a da. A ambaliyar 2022 hanyoyi sun yanke a sassa da dama na Jigawa, ciki har da yankin Ringim da masarautar Haɗejiya.

Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, yana da tsawon kimanin kilomita 284, da reshe daga Kano zuwa Dutse. Yana ratsa Jigawa ta Kazaure, amma bai nufi Haɗejiya ba. Faɗinsa milimita 1,435 ne, saboda haka taragon ƙaramin layi ba zai hau shi ba, kuma duk kayan da suka zo Kano daga Malam Madori sai an sauke an sake lodi. A Maris 2023 an gyara tsarin mulkin ƙasa, aka ba jihohi damar gina layin dogo da gudanar da shi, abin da a da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansa. Tsohon reshen Kano zuwa Nguru, da tasoshinsa da abin da ya rage na taragansa, har yanzu mallakar hukumar tarayya ne.