Ƙaurar biro: hattara da rumbun faifan na'ura

Idan wata ma'aikatar gwamnati ko kamfanin ɗan kasuwa za su sauya mazauni, hankalin shugabanni yakan tafi ga tebura, kujeru da akwatin kuɗi. Shi kuwa akwatin ƙarfen nan da ke ƙugi dare da rana cikin ɗaki mai sanyi, wato babbar na'ura mai ƙwaƙwalwa da sauran na'urorin biro suka dogara gare ta, sai a bar wa ƴan dako su ɗora shi bayan kamyo tare da sauran tarkace. Alhali kuwa cikinsa ne ake ajiye lissafin albashi, takardun duwan da sunayen waɗanda ake bi bashi. Tebur in ya karye akwai kafinta, amma lissafin shekara goma in ya ɓace, babu kasuwar da ake sayensa.

Abin da ke cikin akwatin

Irin wannan na'ura ba faifai ɗaya ke gare ta ba. Faifai huɗu ne, ko shida, ko fiye, aka haɗa su suna aiki kamar guda. Masana na kiran tsarin RAID, sunan da ya yaɗu daga wata takarda da David Patterson, Garth Gibson da Randy Katz na jami'ar Berkeley ta Amurka suka fitar a 1988. A tsarin RAID 1, duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ana rubuta shi a na biyu. A RAID 5, ana rarraba bayanai tare da wani lissafi da ke ba na'ura damar cike giɓi in faifai ɗaya ya mutu. RAID 6 na jure mutuwar biyu. RAID 0 kuwa, ɗaya na mutuwa komai ya tafi.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, suna ganin tun da faifan suna da yawa, babu abin tsoro. An yi tsarin ne domin faifan da ya gaji ya mutu shi kaɗai, na'ura tana zaune wurinta. Ramin hanya kuwa duka faifan yake girgizawa lokaci guda, kuma a RAID 5 biyu sun isa su rusa rumbun baki ɗaya.

Cikin kowane faifai akwai farantai da ke juyawa, galibi sau 5400 ko 7200 a minti, da wata allura mai karatu da ke shawagi bisansu da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashi ba. Ga shi kuma yawanci rana ɗaya aka sayo faifan, tare suka tsufa. Faifan da ya shekara biyar yana juyawa bai huta ba, wani lokaci in aka kashe shi ya huce, ba ya sake tashi.

Kafin a taɓa komai

Aikin farko shi ne a kwafe dukan bayanai a wani faifai dabam, a buɗe kwafin a wata na'ura a tabbata yana karantuwa. Wannan kwafi bai kamata ya shiga mota ɗaya da rumbun ba. Sannan ma'aikacin da ke kula da na'urorin ya duba lafiyar kowane faifai ta tsarin SMART. In akwai mai alamar rauni, a musanya shi tun kafin tafiya, a jira rumbun ya gama sake gina kansa, aikin da kan ci sa'o'i masu yawa, wani sa'in kwanaki.

Bayan haka a rubuta irin tsarin da aka yi amfani da shi da kalmomin sirri, a ɗauki hoton wayoyin da ke bayan na'ura. A kashe ta bisa ƙa'ida, kada a fizge waya, domin abin da ke kan hanyar rubutuwa ya sauka, allurai su koma mazauninsu. Kowane faifai a manna masa lambar gurbin da ya fito. Na'urorin zamani da dama na gane faifansu ko an sauya musu wuri, amma wasu tsofaffi ba sa ganewa, kuma rubuta lamba ba ya cin ko dala.

Bisa hanya

In tafiyar mai nisa ce, kamar daga Yamai zuwa Maraɗi, fiye da kilomita 600 ta Dosso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, gara a zare faifan daga akwatin. Kowane a saka shi cikin ledarsa ta musamman mai kare shi daga tartsatsin lantarki, wanda ke yawaita lokacin hunturu in iska ta bushe. A naɗe shi da soso, a jera cikin kwali mai ƙarfi yadda ba za su bugi juna ba. Wurin kwalin shi ne kujerar ƙaramar mota, hannun amintaccen ma'aikaci, nesa da rana, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Faifan SSD, da ba su da abin juyawa, sun fi jure girgiza, amma su ma suna bukatar lamba da leda.

Bayan an sauka

Sauri kan haifi nawa. A bar faifan su yi sa'o'i cikin sabon ɗakin har zafinsu ya daidaita da nasa, don gudun raɓa, balle da damina. A sa mai gyaran lantarki ya duba kuran ɗin gidan da wayar ƙasa, a haɗa ondilar tukuna, domin ɗaukewar wuta ana tsakar tashi na iya ɓata bayanai. Sannan a mai da kowane faifai gurbinsa a kunna.

Idan na'ura ta nuna ba ta gane rumbun ba, ta nemi izinin share faifan ta shirya su sabo, kada kowa ya amsa mata. Amincewa da wannan tambaya na iya share abin da hanya ba ta taɓa ba. A dakata, a kira masani. Kwafin da aka yi tun farko kuma a ci gaba da adana shi har sai akanta ya buɗe littattafansa, ya ga albashin wata da bashin kowane abokin ciniki suna nan yadda ya bar su.