Steam: Kanti Ne ko Kwaɗo?

A dā, a faifai a ke sayen wasan kwamfuta. Masu yinsa su kan sa masa wata dabara don kada a kwafe shi a raba wa jama'a kyauta. Dabaran nan kamar kwaɗo ta ke, wato abin kulle ƙofa.

A 2003 kamfanin Valve na Amurka ya buɗe Steam, wanda ya zama babban kantin wasanni a intanet. Da wasan Half-Life 2 ya fito a 2004, ko wanda ya sayi faifai ba shi da ikon yin wasan sai ya yi rajista da Steam tukuna. Tun daga nan a ke gardama. Waɗansu sun ce Steam ɗin kansa kwaɗo ne, waɗansu kuwa sun ce kanti ne kurum.

Masu cewa kanti ne sun fi kusa da gaskiya, gama Valve ba ya tilasta sa kwaɗon, wanda ya ƙago wasan shi ke zaɓa. Akwai wasannin da in an sauko da su, aka kai wata kwamfuta, sai su tashi ba ruwansu da Steam. Amma fa saukowar farko tilas ta bi ta ƙofarsa. Kantin GOG, da aka kafa a Poland a 2008, shi kan ba mutum wasan ɗungum ya ajiye abinsa.

Fargaban mai saye dai ita ce ranar da aka rufe kanti, ko aka soke sunansa. Tun 2024 Steam ya ke gaya masa a fili cewa izinin yin wasa ya ke saye, ba wasan kansa ba.