Filanji: Ba Kowane Ƙarfe Mai Ƙyalli Ke Jure Gishiri Ba

A matatar mai, ko kamfanin sarrafa madara, ko tashar tace ruwan sha, mahaɗar bututu na daga cikin wuraren da yoyo ya fi farawa. Shi ya sa injiniyoyi ke sa ido a kan filanji, faifan ƙarfen nan mai rami a tsakiya da hujojin noti kewaye da gefensa. Akan yi waldar guda a bakin kowane bututu, a sa gasket tsakaninsu, a ɗaure da notuna. Wani zai ce, me ya hana a liƙe bututun biyu da walda a huta? Ai famfo yana lalacewa, bawul yana tsufa, bututu yana buƙatar wanki. Inda aka yi walda sai an yanka, inda aka sa filanji kuwa noti kawai za a kwance.

Idan abin da ke bi ta ciki mai cin ƙarfe ne, sai a nemi filanjin ƙarfe mara tsatsa, irin wanda Harry Brearley ya samar a birnin Shefil na Ingila a 1913. Sirrinsa kuromiyom ne, wanda dole ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Da ya haɗu da oksijin sai ya yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ido ba ya gani, wadda ko an karce ta takan sake toho. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ɗauka duk ƙarfe mara tsatsa ɗaya ne. Samfurin 304, mai kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8, ya wadatar ga ruwan daɗi da yawancin aikin abinci. Amma gishiri yana huda fatar nan, kuma ɓarnar ta fi tsanani a matsatsin wuri da oksijin ba ya isa, kamar ƙarƙashin gasket. Filanji na iya ƙyalli ta waje alhali fuskarsa ta ciki duk ta rarake. Don haka masana'antar da ke bakin teku kamar Legas, ko mai aiki da ruwan zartsi, ta fi dacewa da 316, wanda aka ƙara wa molibdenom kashi 2 zuwa 3.

Masu ƙorafin tsada suna da hujja, domin nikel ba shi da araha, kuma ƙarfe na yau da kullum ya isa ɗaukar tururi ko iskar gas busasshiya. Ba na goyon bayan a sa mara tsatsa ko'ina. Sai dai inda tsatsa za ta gurɓata madara ko magani, ko yoyon sinadari zai ƙona ma'aikaci, araha ba ta ado. Tsayar da injuna na yini guda don canza filanji kan ci kuɗin da ya zarce rarar da aka samu wajen saye.

Abin da ya fi damuna shi ne gwajin maganaɗisu da ake dogaro da shi a kasuwa. Gaskiya ne 304 da 316 ba su cika kama shi ba, amma haka ma 201, wanda aka rage wa nikel aka cike da manganis, kuma bai kai su juriya ba. A duba rubutun da aka buga a gefen faifan: samfurin ƙarfen, girman bututu, da ajin matsi, wanda a ma'aunin ASME B16.5 ya kama daga 150 zuwa 2500. Mai saye ya faɗa wa dillali abin da zai bi ta bututun da zafinsa, ya nemi takardar gwajin ƙarfen daga kamfanin da ya ƙera, kuma kada ya karɓi filanjin da ba shi da lamba.