Kirari Ba Ya Cin Gasa: Shawara Ga Masu Sana'a Na Makwar Da Kewaye

A shekarar 2025 ne madatsar ruwan Makwar, wadda a yanzu aka fi sani da madatsar Sinnar, ta cika shekara 100 da kammalawa. Daga bakin wannan madatsa mai tsawon kimanin kilomita 3 babbar hanyar ruwa ta tashi ta nufi arewa, tana shayar da gonakin Jazira, waɗanda suka kai kimanin fadan miliyan 2 bayan an haɗa da yankin Manakil. Kakanninmu kuwa sun riga madatsar zuwa. Bayan da Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Maiwurno kudu da Sinnar wajen 1906.

Tun daga wannan lokaci guminmu bai daina zuba a ƙasar nan ba. Amma akwai wani darasi da tarihin Jazira ya bar mana. Kamfanin Turawan da ya fara gudanar da shirin, da kuma Hukumar Jazira da ta karɓe shi a 1950 take zaune a Barakat, duk da daftari suke aiki. Wanda sunansa yake cikin daftari a matsayin mai hawasha, watau gonar da aka yanka masa, shi ke da rabo in an sayar da auduga. Da yawa daga cikin mutanenmu kuwa a kanabi suka zauna, watau sansanonin leburori, suka yi tsinkar auduga shekara da shekaru ana biyansu a hannu, babu takardar da ta riƙe sunansu. A idon ofis, abin da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne.

Dalilin da ya sa muka tayar da wannan zance shi ne gasar nan ta 'yan kasuwa da ake shelantawa a kai a kai, inda ake ba masu sana'a lambar yabo da jari. Ba kasafai mukan ji sunan mutanen ƙauyukanmu cikin waɗanda suka ci ba, alhali muna da manoman albasa da tumatir a gaɓar Shuɗin Nilu, da masunta, da masu motocin daƙon kaya, da mata masu matsar man gyada, ga kuma masu agashe, naman da Hausawa suka shigo da shi har ya zama na kowa a Sudan. Sana'a kam akwai ta. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne takardar da za ta tsaya mana gaban alƙalan gasa.

Waɗanne gasa ake nufi?

A nan gida Sudan, a 2013 aka fara gasar Mashru'i, wadda hukumar British Council da ofishin jakadancin Birtaniya da ƙungiyar matasan 'yan kasuwa ta Sudan suka haɗa hannu suka shirya, aka riƙa nuna ta a tashar talbijin ta Blue Nile. A faɗin Afirka kuma, gidauniyar Tony Elumelu ta Nijeriya ta ɓullo da shirinta a 2015, da alkawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara 10, inda duk wanda aka zaɓa yake samun horo da jarin dala 5,000. Shirin ya buɗe ƙofa ga ƙasashen Afirka 54, kuma Larabci yana cikin harsunan da aka yarda a cika takarda da su, abin da ya sauƙaƙa wa mutanenmu ƙwarai. Har ila yau akwai gasar Africa's Business Heroes da gidauniyar Jack Ma ta ƙasar Sin ta soma a 2019, wadda daga 2020 mutum goma suka riƙa raba dala miliyan ɗaya da rabi. Ita wannan ta nemi sana'a mai rajista, wadda ta yi aƙalla shekara uku tana shigo da kuɗi.

Sharuɗɗan irin waɗannan gasa sukan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda haka aikin farko shi ne a karanta sharuɗɗan bana tun daga farko har ƙarshe. Wanda shekarunsa ko shekarun sana'arsa ba su dace ba, kada ya ɓata lokacinsa, ya nemi wadda ta yi daidai da shi.

Darasi daga Dutse

Wanda ya fi dacewa mu yi koyi da shi namu ne. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba malami ne a Dutse ta Jihar Jigawa. A shekarun 1990 ya lura da yadda kayan lambu ke ruɓewa a ƙauyukan da ba lantarki, sai ya fito da dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya tafi da zafi, cikin tukunya ya yi sanyi. A shekarar 2000 ya ci lambar Rolex ta masu himma, da kyautar dala 75,000. Daga baya dabarar ta iso har Sudan, inda aka yi ta da zir, watau randarmu ta ruwa, musamman a Darfur.

Mu dubi yadda aka bayyana aikin nasa ga duniya. An ce yalo da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a cikin tukunyar. An ce ya raba tukwane 5,000 na farko a ƙauyukan Jigawa da kuɗin aljihunsa. An kuma nuna cewa 'yan matan da ake tura wa talla kullum don kada kaya su ruɓe sun sami sararin zuwa makaranta. Ga matsala, ga magani, ga adadi, ga waɗanda suka amfana. Duk wanda ya ji yana iya ɗaukar tukunya biyu ya gwada da kansa. Tubalan takarda mai ƙarfi ke nan guda huɗu, kuma babu kirari ko ɗaya a cikinsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ciniki a wurinmu bisa amana yake tafiya. Dillali ya san wanda ake bi da wanda ke bi, duk a ka yake riƙe da su, kuma da wuya a ji an yi musu. Wannan abin alfahari ne. Sai dai alƙalin gasa yana zaune a Legas ko wani birni mai nisa, gabansa takardu tuli, bai san mu ba, bai san iyayenmu ba. Ba zai iya shiga kan dillali ya karanta ba.

Don haka takardar shiga gasa tana farawa ne shekara guda kafin a shelanta gasar, ranar da aka sayi daftari. Kowace rana a rubuta kwanan wata, da abin da aka saya, da abin da aka sayar, da bashin da aka bayar ko aka karɓa, da ladan waɗanda suka yi aiki. A raba kuɗin cefane da kuɗin sana'a. Ko da ajami aka rubuta ko da Larabci, duk daidai ne, muddin dai ba a tsallake ranaku ba. Masu karɓar kuɗi ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum suna da wata shaidar a hannu, domin tana riƙe da kwanan wata da adadi. Mata masu adashi, wanda maƙwabtanmu ke kira sanduƙ, su adana littafin zubinsu, shi ma shaida ne cewa sun iya riƙe kuɗi. A ƙarshen kowane wata a ɗauki hoton shafuka da waya a aika wa wani amintacce a wani gari, saboda mun ga yadda yaƙi ke cinye takardu.

Wani abin lura kuma shi ne darajar fam. A 2021 hauhawar farashi a Sudan ta haura kashi 300 cikin 100. Wanda ya rubuta cewa cinikinsa ya ninka uku a irin wannan shekara, mai yiwuwa baya ya ci bai sani ba, kuma alƙali mai ido zai gane. A haɗa kuɗi da ma'auni: buhu nawa, jarka nawa, fadan nawa, abokan ciniki nawa, ma'aikata nawa. Buhu ba ya sauya girma komai faɗuwar fam.

Yadda ake zuba bayani

In an zo rubutu, a amsa tambayar da aka yi, bisa jerin da aka yi ta, kuma kada a wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade. Mun saba buɗe wasiƙa da doguwar gaisuwa da addu'a, amma a wannan takarda layin farko shi ne zai faɗi abin da ake sayarwa, da wanda ake sayar wa, da wurin da ake yi.

Ga misali, kuma alƙaluman da ke cikinsa na kwatance ne kawai. Wani ya rubuta: "Sana'armu ta shahara ko'ina, kowa ya san gaskiyarmu, mu ne kan gaba a harkar albasa." Wani kuma ya rubuta: "Manoman albasa a ƙauyenmu sukan sayar da amfaninsu da kaka a kan farashi mai arha, saboda bashin shail da kuma rashin wurin ajiya. Mun gina rumfar ajiya mai shan iska. Bara mun ajiye buhu 200 na manoma 12 har wata uku, buhu 20 suka lalace. Da jarin da muke nema za mu gina rumfa ta biyu." Na farko kowane mai albasa daga Sinja har Gadarif zai iya sa hannu a kansa. Na biyu na mutum ɗaya ne, kuma ana iya zuwa a ƙirga.

A lura cewa na biyun bai ɓoye buhunan da suka lalace ba. Wannan ƙarfi ne gare shi, domin wanda ya san asararsa ya san sana'arsa. Sai dai ya kamata ya fassara kalmomin gida. Alƙali daga wata ƙasa bai san cewa shail shi ne bashin da ɗan kasuwa ke ba manomi kafin girbi, ya karɓi amfanin gona da kaka a kan farashin da ya yanka tun farko ba. Haka nan fadan, a faɗa masa cewa murabba'in mita 4,200 ne. Sa'an nan a bayyana dalla-dalla abin da za a yi da kuɗin in an samu: mene ne za a saya, nawa ne farashinsa, kuma me zai ƙaru bayan shekara guda.

Kunya da tsoron baki

Mun san abin da ke hana wasu buɗe ciki. Hausawa sun ce yabon kai jahilci ne, ga tsoron bakin mutane, ga gudun kada dangi su ji an samu. To, faɗin adadin buhun da aka sayar ba yabon kai ba ne, ba da shaida ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yabo kuwa a bar wa wasu su yi: a nemi wasiƙa daga mai sayen kaya na kullum, ko shugaban ƙungiyar manoma, ko kwamitin kasuwa, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. A tanadi lambar ɗan ƙasa, da takardar rajistar sana'a ko ta ƙungiyar haɗin kai in akwai, da asusun banki mai sunan mai nema, da hotunan aiki na gaskiya.

Maganar yaƙi ma ba abin ɓoyewa ba ce. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disambar wannan shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwambar 2024 da Wad Madani a Janairun 2025. Wanda sana'arsa ta tsaya a waɗannan watanni ya faɗa, ya nuna abin da ya rasa da yadda ya sake tashi. Amma kada takardar ta koma koke. Gasa tana neman wanda za a zuba wa jari ne ya yi gaba da shi.

Hattara da 'yan damfara

Babu laifi a nemi ɗalibi ko malamin makaranta ya taimaka da rubutu ko fassara, amma ya karanta wa mai sana'a kowane layi har ya amince. Gasa da yawa sukan kira waɗanda suka tsallake zagayen farko su yi musu tambayoyi baki da baki, kuma a nan ne takardar haya take tonuwa. Ƙarin gishiri a alƙaluma ma haka, ramin ƙarya ƙurarre ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sa suna cikin waɗanda za su ci, a guje shi. A kuma aika takarda kwanaki kafin ranar rufewa, tun da mun san halin lantarki da intanet a yankinmu.

Masu nema suna da yawa, masu ci kaɗan ne, wannan gaskiya ce. Amma wanda bai ci ba bai tashi a banza ba, domin daftarin nan da ya cika shi ne zai nuna wa banki, ko ƙungiyar agaji, ko abokin haɗa jari, a wannan lokaci da kowa ke neman abin da zai sake tayar da sana'arsa. Muna kira ga masu unguwanni da limamai da malaman makarantu, daga Maiwurno har Damazin, su zaunar da matasa masu ilmi tare da masu sana'a, ko da sau ɗaya ne a wata, a duba daftari a gyara. Kakanninmu sun yi aiki ba a rubuta sunansu ba. Mu kam alƙalami yana hannunmu. Allah ya sa mu dace.