Hannun Mai Babur da Kifin Minjirya: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Duk wanda ya taɓa tsayawa shan rake a Kwanar Dangora ya ga wannan abu. Mai babur zai taso daga Tudun Wada da buhun shinkafa biyu a baya, ya tsaya, ya kafe mashin, kafin ma ya yi sallama sai ka ga yana yarfe hannun dama kamar wanda ya dafa garwashi. In ka tambaye shi ya ce hannun ne ya yi dindiris. Na kusa da shi ya ce minjirya ce. Mai shayi ya tsoma baki ya ce sanyi ne ya shige shi, a nemo jiƙo. To ga wasu abubuwa game da wannan hannu, kowa ya ɗauki wanda ya shafe shi.

Mu fara da sunan. Minjirya kifi ne, ɗan uwan tarwaɗa, mai sulɓin jiki, wanda ake samu a kogin Kwara da Tafkin Chadi da kogin Nilu. Babbansa na iya sakin lantarkin da ya haura bolt 300. Tambayi kowane tsohon masunci a bakin Tiga yadda hannu ke yi in an damƙe shi. Bahaushe ya ɗauki sunan kifin ya ba wa abin da ke kama hannu da ƙafa. Abin mamakin shi ne Girkawan dā, da ba su taɓa jin Hausa ba, su ma haka suka yi: kalmarsu "narke" tana nufin mutuwar gaɓa, kuma ita ce sunan wani kifin teku mai lantarki. Wani likitan Rumawa, Scribonius Largus, kusan shekara 2,000 da suka wuce, har ɗora wa masu ciwon kai irin wannan kifi yake sa a yi, wai ya kashe zafin.

Kalmar jijiya ma tana rikita mu. Abu uku muke kira da ita: hanyar jini, da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ta ukun nan ita ce mai ƙorafi a hannun mai babur.

Ƙashi 27 ne a hannu ɗaya, 8 daga ciki a wuyan hannu kawai. Kuma tsokar da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun take ba. Mafi ƙarfinta tana can a sangalin hannu, tana jan yatsun da igiyoyi, kamar dai yadda hannun kuloci ke jan waya ya yi aiki a can ƙasa wajen inji.

A wuyan hannu akwai wani ɗan lungu, ƙashi ta ƙasa da gefe, wata tauri-taurin tantani ta rufe shi ta sama. Igiyoyin tsoka tara da jijiyar saƙo guda ɗaya duk ta nan suke bi. Ka ɗauka motar kasuwa ce da aka yi wa lodin mutum goma a kujerar mutum huɗu, ita jijiyar kuwa ita ce yaron da aka cusa a tsakiya. Da zarar an karya wuyan hannu sama ko ƙasa, lungun ya ƙara matsewa, ita ce ke fara kuka. Murɗa totur kuwa karya wuyan hannu ne, ba sau ɗaya ba, wuni guda.

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe: yatsun da suka mutu suna faɗa maka inda matsalar take. In babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, jijiyar cikin lungun nan ce aka matse. In ɗan autan yatsa ne da maƙwabcinsa, wata jijiya ce daban, wadda ke bi ta gefen tafin hannu, daidai inda mutum ke danna nauyinsa a kan robar kan babur. Wani likitan Faransa, Félix Guyon, shi ya fara bayyana ƴar hanyar da take bi a 1861, lokacin ko babur ba a ƙirƙiro ba. Yatsan zobe shi ne ɗan kishiyoyi: jijiyoyin biyu sun raba shi a tsaye, kowacce ta ɗauki ɓari guda. Shi ya sa za ka ji gefensa ɗaya ya mutu, ɗayan lafiya lau.

Ita wannan jijiya ta biyu kowa ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Ita ce wadda in ka bugi gwiwar hannu da ƙofa za ka ji zirr har cikin ɗan auta.

Ga lissafi. Yawancin baburan da ke yawo tsakanin Kiru da Bebeji da Kafin Maiyaki, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, fistan ɗaya gare su. Inji mai fistan ɗaya ba shi da abokin da zai danne masa girgiza. In yana juyi 5,000 a minti, ya haura juyi 80 a daƙiƙa ɗaya ke nan. A awa guda juyi 300,000. Kowanne yana aiko da ɗan saƙonsa ta cikin ƙarfe har tafin hannu. Ƙara da gargadar hanyar burji, da ramukan da damina ta bari.

A ƙarƙashin fatar tafin hannu akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu jin girgiza, fasalinsu kamar albasa, ɓawo kan ɓawo. Ana kiran su da sunan wani Ba'italiye, Filippo Pacini. Suna jin motsin da ido ba ya gani. Amma in aka dame su da girgiza ba hutu, sai su gaji su daina kai rahoto na wani lokaci. Wannan ne dalilin da ya sa in ka sauka daga doguwar tafiya ka taɓa kuɗi, sai ka ji kamar da safar hannu kake taɓawa.

Turawa sun daɗe da ɗaukar girgiza a matsayin cutar sana'a. A 1918 wata likita Ba'amurkiya, Alice Hamilton, ta je wajen masu fasa dutse a garin Bedford na jihar Indiana, waɗanda ke aiki da guduma mai amfani da iska. Ta tarar yatsun da yawansu na yin fari fat su mutu, musamman da sanyin safiya. Tun kafin ita, a 1911, wani likita Giovanni Loriga ya ga irin haka a Italiya. A 2002 Tarayyar Turai ta kafa doka ta ƙayyade yawan girgizar da hannun ma'aikaci zai sha a aikin awa 8. Mu kuwa ɗan acaɓa ya fita bayan asuba, bai dawo ba sai isha'i, kuma mamallakin babur ɗin na jiran balas.

Ba mai babur kaɗai ba. Mai injin niƙa, da mai markaɗe, da mai riƙe da ƙaramar motar huɗa ta hannu a fadama, da mai yankan katako da inji, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Mai shayi da ya ce sanyi ne, yana da ɗan rabo a gaskiyar, amma ba yadda yake nufi ba. Sanyi ba ya shiga ya zauna a ƙashi. Abin da yake yi shi ne tsuke ƙananan hanyoyin jini na yatsu. Wanda ya ratsa Dajin Falgore da asubar hunturu, ko ya gangaro daga duwatsun Riruwai iska na dukan yatsunsa tsirara, ya haɗa wa hannunsa sanyi da girgiza a lokaci guda. Taba sigari ma haka take tsuke hanyoyin jini. Ka ga mai busa sigari don ya ji ɗumi, yatsunsa yake ƙara kashewa.

Me ya sa hannun dama ya fi kamuwa? Na hagu yana samun hutu, ana iya sakinsa a gaisa da mutanen bakin hanya, a gyara hula. Na dama in ya saki totur tafiya ta tsaya. Kuma birkin gaba, wanda ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayar da babur, a wannan hannun yake. Wato hannun da ya fi mutuwa shi ne wanda za a nema ranar da akuya ta faɗo titi.

Ba kullum totur ke dama ba. Tsoffin baburan kamfanin Indian na Amurka a hagu suke da shi.

Wanda ke kukan gargada ya gode wa Allah. Babur ɗin da Gottlieb Daimler ya haɗa a Jamus a 1885 da katako aka yi shi, ƙafafunsa kuma da ɗaurin ƙarfe kamar na amalanke. Kekunan da suka riga shi, Turawan Ingila laƙabin mai girgiza ƙashi suka ba su. Tayar iska da ta kawo sauƙi a 1888, likitan dabbobi ne ya fito da ita, John Dunlop, a birnin Belfast, don keken ɗansa.

Sai maganar lodi, wadda ba a son ji. In aka ɗauki mutum uku, direba a kan tanki yake ƙarewa. Gwiwar hannu ta naɗe, wuyan hannu ya karye, kafaɗa ta ɗage. In jarka ce ko buhun taki aka ɗora a gaba, sai ya zamana da ƙyar yake miƙa hannu ya kamo kan. Ga shi kuma dole ya damƙe da ƙarfi saboda kayan na rinjayarsa. Tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, acaɓa ta zama sana'ar karkara da bakin kwanoni, inda hanya ta fi muni, lodi ya fi nauyi. Ban ga laifin mai neman abinci ba, amma hannun nan shi ne jarinsa, ba babur ɗin ba.

Damƙa da ƙarfi ba ta ƙara wa babur natsuwa, sai dai ta ƙara wa girgiza hanyar shiga jiki. Gwanaye da cinya suke riƙe tanki, hannu kuwa saƙo-saƙo, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, bayan tafin hannu a miƙe daidai da sangali. Sabon shiga da mai tsoron hanya su suka fi saurin jin dindiris.

Wani lokaci maganin yana hannun bakanike, ba kemis ba. Notinan da ke riƙe da inji in sun saki, boris ɗin wuya ko na taya in ya ci, gare in ya lanƙwashe, shokozoba in ta mutu, duk a tafin hannu ake jin su. Mai faci da ke cika wa tayar gaba iska har ta zama dutse saboda lodi, shi ma da hannunsa a ciki. Robar kan da ta cinye har ana taɓa ƙarfe a canza ta. Wasu babura suna zuwa da ɗan dunƙulen ƙarfe a ƙarshen kan, hagu da dama. Ba ado ba ne, don rage girgiza aka sa shi, kada a cire a yar. Hannun birki da na kuloci kuma ana iya sassauta notinsu a karkato su ƙasa kaɗan, yadda yatsu za su same su ba sai an karya wuyan hannu ba. Aikin minti biyar ne.

Yarfe hannun nan da muka fara da shi, likitoci sun san shi, har suna ɗaukarsa alama. In suka tambayi mara lafiya me yake yi in abin ya tashe shi da dare, ya yarfa hannu, to sun fara zargin jijiyar cikin lungu. Akwai kuma gwajin da wani likitan Amurka, George Phalen, ya shahara da shi: a haɗa bayan hannu da bayan hannu a gaban ƙirji, yatsu na kallon ƙasa, a tsaya minti ɗaya. In minjirya ta taso a babban yatsa da na kusa da shi, akwai magana.

Jijiyar saƙo in ta lalace tana iya sake tsirowa, amma tafiyar hawainiya take yi, kamar milimita ɗaya a rana. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa sai ta ci wajen wata shida. Wanda ya bari har tudun naman gindin babban yatsansa ya lotsa, ko ya fara kasa ɓalle maɓallin riga da jan carbi, ya bari an yi nisa. Dindiris ɗin da ke wucewa bayan an sauka an huta daban, wanda ke kwana da mutum daban. Na biyun na asibiti ne. Wani ɗaurin wuyan hannu da dare kawai zai ishe shi, wani sai an yi masa ƙaramin aiki an buɗe lungun. Asibitin Ƙashi na Dala, da aka buɗe tun 1959, irin wannan aiki na cikin abin da ya shafe shi. Tiramol da sauran ƙwayoyin ƙara ƙarfi kuwa ba sa buɗe lungu, bakin jijiyar kawai suke toshewa.

Kuma ba kowane dindiris ne laifin babur ba. Ciwon suga yana cin jijiya, galibi ya fara daga ƙafa. Ƙarancin sinadarin B12 yana kawo shi. Jijiyar da ta matse a ƙashin wuya tana iya aiko da shi har yatsu, alhali wuyan hannun ƙalau yake. Kuturta ma da mutuwar fata take sallama, wani tabo mai haske da ba ya jin taɓi, kuma maganinta kyauta ne tun 1995.

Guda ɗaya ce ba ta jira. In hannu ya mutu farat ɗaya, ya yi nauyi ya ƙi ɗaguwa, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, wannan ba minjirya ba ce, shanyewar ɓarin jiki ce ke ƙwanƙwasa ƙofa. Kada a tsaya shafa man zafi, kada a bar shi ya tuƙa kansa. A sa shi a mota a kai shi asibiti mafi kusa a take.