Abin Da Mai Niyyar Yawon Buɗe Ido A Turai Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Ɗaura Kaya

Duk wanda ya saba bi ta unguwannin da ake karɓar takardun neman biza a Legas ko Abuja da sanyin safiya, ba zai rasa ganin jama'a a jere ba, maza da mata, kowa rungume da ambulan cike da takardu. Daga cikinsu akwai 'yan kasuwa, da ma'aikatan gwamnati, da iyayen da ke son kai 'ya'yansu hutu, kuma da yawansu ba su da wata manufa illa su je su ga Faris ko Rum ko Madrid, su kashe kwarkwatar ido, su komo gida. Amma alƙaluman da Tarayyar Turai ta fitar na shekarar 2024 sun nuna cewa sama da kashi 45 cikin 100 na takardun da aka shigar daga Nijeriya an ƙi su, alhali kuwa a duniya baki ɗaya waɗanda aka ƙi ba su kai kashi 15 cikin 100 ba. Takardu fiye da 50,000 ke nan, kuma da yake ba a mayar da kuɗin biza, abin da 'yan ƙasar nan suka yi asara a wannan shekara kaɗai ya kai wajen Yuro miliyan 4.

Wani maƙwabcina a Agege, ɗan kasuwa mai rufin asiri, yana cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Ya yi niyyar kai maiɗakinsa Faransa na mako biyu, sai ya danƙa al'amarin a hannun wani dillali. Dillalin ya ba shi shawarar ya ranto kuɗi ya zuba a asusunsa na banki ana saura 'yan kwanaki a miƙa takardu, wai don a ga nauyinsa. Aka kuwa ƙi ba shi, aka rubuta masa cewa ba a gamsu da bayanin da ya bayar ba. Mutumin nan yana da shago, yana da gida, yana da 'ya'ya a makaranta, wato duk abin da ake son gani yana da shi, amma bai nuna ko ɗaya ba. Garin neman ƙiba ya samo rama.

Mece ce bizar Shengen?

Mu a nan mun saba da tafiya Kwatano ko Lome ko Ankara ta Gana ba tare da biza ba, saboda yarjejeniyar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka ƙulla a 1979. Turawa ma suna da irin tasu. A ranar 14 ga Yuni, 1985, wakilan ƙasashe biyar, wato Faransa da Jamus ta Yamma da Beljiyam da Holan da Luksambag, suka taru a wani ƙauye mai suna Shengen suka sa hannu a kan cewa za su ɗage binciken da ake yi a iyakokin da ke tsakaninsu. Sai a 1995 aka fara aiki da wannan yarjejeniya. Bayan da Bulgeriya da Romaniya suka kammala shiga a farkon 2025, ƙasashen sun zama 29. Guda 25 'yan Tarayyar Turai ne, sauran huɗun kuwa su ne Suwizalan da Norwe da Aislan da Liktenstain.

Amfanin wannan ga baƙo shi ne, biza ɗaya tak ta ishe shi zagaya ƙasashen duka. Illarsa kuma ita ce, tun da sun buɗe ƙofofin cikin gida, sai suka ƙara wa ƙofar zaure sakata, kuma abin da ƙasa ɗaya ta rubuta a kan mutum, sauran 28 suna iya gani.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa Ingila ba ta cikin wannan tsari, haka ma Ailan, kowacce da tata bizar. Dattawanmu za su tuna lokacin da ɗan Nijeriya kan tafi Landan ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba, kafin gwamnatin Uwargida Margaret Thatcher ta ba da sanarwar ɗora wa Nijeriya da Gana da Indiya da Pakistan da Bangaladash wannan sharaɗi a 1986. Wancan zamani ya wuce.

Takardun da ake bukata

Abu na farko shi ne fasfo. Tilas ya kasance an bayar da shi cikin shekaru 10 da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma wa'adinsa zai ƙara wata uku bayan ranar da mutum zai bar Turai. Sai hoto, da takardar neman biza da aka cika aka sa wa hannu, da shaidar tikitin zuwa da na dawowa, da shaidar masauki, ko dai otal ko kuwa takardar gayyata daga wanda zai sauke ka.

Sai kuma inshorar lafiya, wadda dole ta kai ta Yuro 30,000, ta yi aiki a ƙasashen duka, ta kuma ɗauki nauyin jinyar gaggawa da mayar da mutum gida in ciwo ya tsananta ko rai ya yi halinsa. Kuɗin biza kuwa, tun daga watan Yuni na 2024, Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, waɗanda ba su kai 6 ba kuma kyauta ne. Yawancin ofisoshin jakadanci sun miƙa aikin karɓar takardu ga kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ke karɓar nasu ladan daban. Aikin waɗannan kamfanoni karɓa ne da miƙawa kawai, hukunci yana hannun ƙaramin jakada. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da hanya a ciki, to, hanyar aljihunka yake nema.

Akwai kuma batun lokaci. Doka ta yarda a shigar da takarda tun ana saura wata shida a tafi, kuma ba a so ta gaza kwana 15 kafin tafiya. A bisa ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa 45 in ana son ƙarin bincike, ban da jiran samun ranar ganawa, wanda kan yi tsawo lokacin hutun bazarar Turawa da na Kirsimeti. Mai nema a karon farko sai ya je da kansa an ɗauki hoton yatsunsa, waɗanda za a iya sake amfani da su har tsawon wata 59.

Wani wurin da mutane ke tuntuɓe shi ne zaɓen ofishin da za su nema. Ƙa'ida ita ce a nemi biza a wurin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai a nema a wurin ƙasar da za a fara sauka. Alal misali, wanda zai yi kwana uku a Faransa da kwana goma a Italiya, bizar Italiya zai nema, ko da jirginsa a Faris zai fara sauka. Masu jin cewa wata ƙasa ta fi sauƙin bayarwa, su karɓi tata alhali wata suka nufa, sukan gamu da tambayoyin da ba su da amsarsu a filin jirgi.

Tambayar da ke bayan takardun

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Duk tarin takardun nan, tambaya ɗaya suke amsawa, wato shin wannan baƙo zai tashi in rana ta fito, ko kuwa zama ya kawo shi? Jami'in da ke duba fayil bai san ka ba, bai san gidanku ba, kuma 'yan mintoci kaɗan gare shi. Abin da yake nema shi ne abin da zai jawo ka gida: aiki mai albashi da takardar izinin hutu, ko rajistar kasuwanci da shaidar biyan haraji, ko iyali, ko kadara.

Haka ma takardar banki. Yawan kuɗin da ke ciki bai kai yadda suka shigo muhimmanci ba. Asusun da ke nuna shige da ficen kuɗi daidai da sana'ar mai shi na tsawon watanni ya fi wanda ya kwana babu komai ya wayi gari da miliyoyi. A nan ne maƙwabcin nawa ya faɗi. Kuma wajibi ne takardu su gaskata juna. Idan takardar wurin aiki ta ce hutun mako biyu aka ba ka, otal ya ce kwana 20 ka kama, tikiti kuma ya ce wata guda, to, ka riga ka ba jami'i dalilin ƙi da hannunka.

Mafi muni shi ne takardar jabu. Ana ajiye bayanin kowace nema, da wadda aka bayar da wadda aka ƙi, a wata ma'ajiyar kwamfuta ta bai ɗaya har tsawon shekara biyar. Wanda aka kama da takardar banki ta ƙarya a ofishin Jamus, in ya koma na Sifen zai tarar labarinsa ya riga shi isa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka ƙi kuwa, ana ba shi takarda mai ɗauke da dalilin ƙin da kuma hanyar ɗaukaka ƙara. Ya fi kyau ya zauna ya karanta ta da kyau ya gyara abin da aka nuna, maimakon ya yi gaggawar sake biyan wani kuɗi da takardun jiya.

Bayan an samu

Samun biza ba ƙarshen magana ba ne. A dokar iyakokin Shengen, biza izini ne na zuwa bakin ƙofa a yi sallama, amsa sallamar kuwa tana hannun jami'in shige da fice na filin jirgi. Yana da ikon tambayar inda za ka sauka, da ranar komawarka, da guzurin da kake riƙe da shi. Kowace ƙasa da nata ma'aunin guzuri. Faransa, alal misali, tana neman baƙo ya nuna Yuro 65 na kowace rana in yana da shaidar otal, 120 in ba shi da ita, ko 32.50 in yana da takardar masauki da hukumar garin mai gayyatarsa ta tabbatar. Don haka kada matafiyi ya jefa kofen takardunsa a akwatin da aka auna, ya riƙe su a jakar hannu. Wanda aka hana shiga, kamfanin jirgin da ya kawo shi ne zai mayar da shi inda ya fito, kuɗin tikiti da na otal kuwa sun tafi ke nan.

Har ila yau, a karanta abin da aka manna a fasfo da kyau tun kafin a bar gida. Wa'adin biza daban, yawan kwanakin zama daban. Ana iya ba mutum biza mai aiki na wata uku amma a rubuta kwana 15 kacal, ko a rubuta shiga sau ɗaya, wanda ke nufin in ya leƙa Landan ko Istambul a tsakiyar tafiya, ba zai iya komowa da ita ba. Ko mai bizar shekaru ma, ba a yarda ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba. Wanda ya shiga ranar 1 ga Janairu ya zauna har ƙarshen Maris, sai ƙarshen Yuni zai sake samun damar shiga.

A da, da hatimin da ake bugawa a fasfo ake lissafin nan, wani lokaci har a yi kuskure. Tun daga ranar 12 ga Oktoba, 2025, aka fara aiki da sabuwar na'ura mai ɗaukar hoton fuska da na yatsu a bakin iyaka, tana kuma ƙidaya kwanakin kowane baƙo da kanta. Wanda ya zarce wa'adi yana iya fuskantar tara, ko kora, ko hana shi shiga ƙasashen duka na wasu shekaru. Haka kuma bizar yawon buɗe ido ba ta ba mutum izinin kama aiki ba, ko da na kwana ɗaya ne.

Akwai wani tarko ga wanda ma ba Turai ya nufa ba. Nijeriya da Gana suna cikin ƙasashen da aka wajabta wa 'ya'yansu bizar yada zango a filayen jiragen Shengen. Wato mai tafiya wata ƙasa da zai canja jirgi a Farankfot ko Amsadam yana iya bukatar wannan biza ko da ba zai fita daga filin jirgin ba, sai fa in yana cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai riƙe da bizar Amurka ko Kanada da ke aiki. Da yawa sai a gaban teburin auna kaya a Ikeja suke jin wannan labari.

Babu wanda zai ce tsarin nan ba shi da aibu. Mutane masu gaskiya da yawa an ƙi su ba tare da gamsasshen bayani ba, kuma abin dubawa ne a ce matalautan ƙasashe su ne suka fi biyan kuɗin bizar da ba su samu ba. Wannan magana ce da ta kamata hukumominmu su riƙa tayarwa a duk lokacin da suka zauna da takwarorinsu na Turai. Amma kafin a kai ga nan, abin da ke hannun matafiyi shi ne ya fara shiri da wuri, ya karanta sharuɗɗa a shafin ofishin jakadancin da kansa domin sukan canja, ya guji sayen tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, ya kuma faɗi gaskiyar halinsa.

Maƙwabcin nawa ya bar wata shida suka wuce, ya tattara rajistar shagonsa, da rasit ɗin haraji, da takardar bankinsa yadda take ba ƙari, ya cika takarda da hannunsa. An ba shi kwana 15. Ya yi 12 ya dawo, domin a cewarsa sanyi ya ishe shi, kuma shago ba ya jiran kowa.